Yadda Ake Wasa Wuƙa da Sauran Kayan Yanka Su Yi Kaifi Mai Ɗorewa

Wuƙa tana dakushewa ne idan siririn bakin nan da ke yin yanka ya lanƙwashe gefe, ko ya goge ya zama mulmulalle, ko kuma ya tsattsage ya yi ƙananan giɓɓa waɗanda ido bai cika ganinsu ba. Aikin washi shi ne a ci ƙarfen wannan gefe da na wancan gefe har fuskokin biyu su sake haɗuwa a kan layi ɗaya siriri. Wanda ya gane haka zai iya fitar da kaifi da dutsen da aka ɗauko daga bakin rafi, wanda kuwa bai gane ba zai cinye wuƙa mai tsada ko da an tara masa kayan washin kanti gaba ɗaya. Abubuwa biyu ne ke riƙe da aikin: a tsayar da wuƙar a kan karkata ɗaya ba tare da hannu yana lilo ba, kuma kada a bar gefen da ake wasawa sai an tabbatar an isa ainihin bakin.

A fara duba abin da ya sami wuƙar

Kafin a taɓa dutse, a wanke wuƙar da sabulu a goge ta ta bushe, domin maiƙo da busasshen jini suna toshe fuskar dutse. Daga nan a fita da ita cikin hasken rana, a juya bakin sama, a bi shi da ido daga gindi zuwa tsini. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske, saboda ba shi da faɗin da haske zai sauka a kai, don haka duk inda aka ga ɗan farin layi yana ƙyalli, nan ne ya dakushe. Idan ƙyallin tsilli-tsilli ne, kuma wuƙar tana yanka har kwanan baya, to bakin lanƙwashewa kawai ya yi, miƙewa yake bukata. Idan layin ya bi bakin gaba ɗaya, sai dutse. Idan kuwa akwai giɓi ko tsinin ya karye, aikin ya zama gyara, kuma da dutse mai kaushi za a fara.

Akwai wata matsala da tsofaffin wuƙaƙe ke fama da ita wadda ba kowa ke lura ba. Wuƙar da aka shekara da shekaru ana wasawa, bakinta yana ta hawa sama zuwa inda ƙarfen ya fi kauri, har a wayi gari tana da kaifi amma tana fasa albasa maimakon ta ratsa ta. Irin wannan sai an kwantar da ita sosai a kan dutse mai kaushi an rage kaurin da ke bayan bakin, kafin washi ya yi amfani.

A kuma san irin ƙarfen. Wuƙar maƙera, wadda sau da yawa ake ƙerawa daga sifirin ɗin tsohuwar mota, baƙin ƙarfe ce, tana karɓar washi da sauri kuma tana yin kaifi mai kyau, sai dai tana tsatsa idan an bar ta da danshi. Wuƙar kanti mai sheƙi tana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ne ke hana ta tsatsa. Masu arha daga cikinsu ƙarfensu yana da taushi, shi ya sa suke saurin lanƙwashewa. A ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell, wuƙaƙen girki na Jamus galibi suna tsakanin 56 da 58, na Japan kuwa sukan kai 60 ko fiye. Mai taurin ta fi daɗewa da kaifi, amma ita ce ke saurin yin giɓi idan ta ci karo da ƙashi.

Kayan washi da aikin kowanne

Dutsen washi na gargajiya, irin wanda ake gani a rumfar mahauta ko a ƙofar maƙera, yana cin ƙarfe ne saboda ƙwayoyin yashin da ke jikinsa sun fi ƙarfen tauri. Yana aiki ƙwarai matuƙar fuskarsa a shafe take, kuma babu manyan ƙwayoyi da za su yi wa baki zane. Akwai duwatsun da suka yi suna a duniya saboda laushinsu, kamar na jihar Arkansas a Amurka, da wani rawayan dutse da ake haƙowa a yankin Ardennes na Beljiyam, da waɗanda ake samu a tsaunukan da ke kusa da birnin Kyoto a Japan, amma mai wasa wuƙar girki ko ta fawa ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya fi sauƙin samu a shagunan kayan gini shi ne dutsen masana'anta mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Ana yin sa da garin aluminiyam oksaid, ko da silikon kabaid wanda Edward Acheson ya samo hanyar haɗa shi a Amurka a shekarar 1891. Lambar da ake rubutawa a jikin dutsen ko kwalinsa tana nuna girman ƙwayoyinsa, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Daga 120 zuwa 400 na gyaran giɓi ne da rage kauri, 800 zuwa 1000 su ne na washin yau da kullum, daga 3000 zuwa 8000 kuwa na gogewa ne. Lambobin Japan da na Turai da na Amurka ba su zo daidai da juna ba, saboda haka yatsa ya fi kwali faɗin gaskiya. Wanda zai sayi dutse ɗaya tak, ya nemi mai 400 a fuska ɗaya da 1000 a ɗaya fuskar. Wannan ya ishi gida.

Wasu duwatsun da ruwa ake amfani da su, wasu da mai. Amfanin ruwan ko man shi ne ya ɗauke garin ƙarfe don kada ya toshe dutsen. Dutsen da ya taɓa shan mai ba ya ƙara karɓar ruwa yadda ya kamata, don haka a zaɓi ɗaya tun farko, kuma ruwa ya fi sauƙi da tsabta. Idan mai za a sa, man keken ɗinki ya dace. Man gyaɗa da manja kuwa suna daskarewa su yi danƙo a cikin dutsen har ya daina ci.

Wanda bai sami dutse ba, samfefa baƙa mai jure ruwa, irin wadda masu fentin mota ke amfani da ita, tana maye gurbinsa. A sami mai lamba 400 da 800 da 1200, a jiƙa bayanta a shimfiɗa ta a kan gilashi mai kauri ko tayil mai santsi. Bambancinta da dutse shi ne ana jan wuƙar ne da baya, gadon bayanta a gaba, don kada baki ya yanke takardar. Akwai kuma farantin ƙarfe da aka manna wa garin daimon, wanda yake ci da sauri kuma ba ya yin kwarmi, sai dai yana da tsada kuma ba ya son dannawa da ƙarfi.

Magagari na kayan gona ne, wato adda da gatari da fartanya, saboda ƙarfensu bai kai na wuƙa tauri ba; a kan wuƙa mai tauri zamewa kawai zai yi. Sandar ƙarfen nan da ake gani a hannun mahauta ba ta cin ƙarfe sosai, aikinta miƙe bakin da ya lanƙwashe, kuma kusan abin da ke faruwa ke nan idan mahauci ya goga bakin wuƙa a gadon bayan wata wuƙar. Fata kuma ita ce ta ƙarshe, kamar yadda wanzamai suka daɗe da sani.

Abubuwa uku suna bukatar taka-tsantsan. Ƙaramin abin washin nan na kanti mai tsaga, wanda ake jan wuƙa ta cikinsa, yana kankare ƙarfe da yawa ya bar baki a tsattsage, don haka bai dace da wuƙar da ake ji da ita ba. Gefen dakalin siminti, wanda shi ne mawashin gidaje da yawa, yana ba da kaifin da ba ya wuce girki ɗaya, kuma yana cinye tsakiyar wuƙa har ta yi ciki. Idan an matsu, zoben da ba shi da sheƙi a gindin kofin tangaran ya fi shi nesa ba kusa ba. Na ukun shi ne injin gurza ƙarfe na masu walda, kuma shi ya fi ɓarna. Taurin wuƙa ya samu ne ta hanyar gasa ƙarfen da tsoma shi cikin ruwa ko mai, kuma zafi yana warware wannan taurin. Ƙarfe yana fara yin rawaya a wajen digiri 220 na ma'aunin Selshiyas, ya yi shuɗi a wajen 300, kuma siririn baki yana kai wa haka cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Duk inda ya yi shuɗi ya yi taushi ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin gaba ɗaya. Idan ba makawa sai an kai wa mai inji, a tabbatar yana taɓawa kaɗan-kaɗan yana tsoma ta cikin ruwa.

Karkatar da za a riƙe wuƙa

Wuƙar girki tana son kusurwar digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe. Ƙaramar kusurwa ta fi kaifi amma ta fi rauni, babba kuma ta fi juriya, don haka wuƙar yanka albasa da tumatir ta tsaya wajen 15, wadda za ta riƙa haɗuwa da guringuntsi da gaɓoɓi ta koma 20 ko sama da haka kaɗan. Ba sai an nemi abin awo ba. Idan aka ɗaga gadon bayan wuƙar daga dutse da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta, an sami digiri 15, idan kuma kashi ɗaya cikin uku ne, an sami 20. Wato wuƙar da faɗinta ya kai santimita 4 za a ɗaga bayanta santimita 1 ko kuwa 1.3. Wata hanyar ita ce a ninka kusurwar takarda sau biyu, abin da zai ba da digiri 22 da rabi, a ajiye ta a kan dutse a jingina wuƙar a gani.

A ganina, mutane suna damuwa da lissafin digiri fiye da kima. Wanda ya riƙe 18 daga farko har ƙarshe ya fi wanda ke yawo tsakanin 12 da 25 samun kaifi. Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce ya bi karkatar da wuƙar ta zo da ita. A shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a kan gangaren bakin, a goga sau biyu ko uku a dutse, a duba. Idan tawadar ta goge daga sama ta bar ta bakin, an kwantar da wuƙar da yawa. Idan ta goge a bakin kaɗai, an ɗaga ta da yawa. Idan ta goge gaba ɗaya, an dace.

Washin kansa, mataki-mataki

Mataki na farko, a shirya dutsen. Idan na ruwa ne mai shanyewa, a nutsar da shi minti 5 zuwa 10 har kumfa ta daina fitowa, sannan a ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Ya kasance a kan benci ko tebur daidai ƙugu, da ɗan kwanon ruwa a gefe. Ana iya yi a tsugune, amma dutsen da ke motsi ba ya bari a riƙe karkata.

Mataki na biyu, riƙo. Hannun dama ya kama ƙota, babban yatsa a kan fuskar wuƙar kusa da gindi, manuni kuma a kan gadon baya. Yatsu biyu ko uku na hannun hagu su dafa fuskar wuƙar kusa da baki, daidai wurin da ke kan dutse a wannan lokacin, domin inda yatsun suke nan ne ƙarfe ke ciwuwa. A ƙafe wuyan hannu, motsi ya fito daga kafaɗa da gangar jiki, saboda wuyan hannu shi ne ke kawo lilo.

Mataki na uku, a fara da fuskar dutse mai kaushi, a riƙa tura wuƙar gaba ana dawo da ita, da dannawa matsakaiciya. A soma daga gindi, a yi ta matsar da yatsun hagu sannu a hankali zuwa tsini. Da an iso inda bakin ya lanƙwasa zuwa tsini, sai a ɗan ɗaga ƙota sama, in ba haka ba tsinin ba zai taɓa dutse ba. A yi amfani da tsawon dutsen duka har gefe-gefe, kada a tsaya a tsakiya. Baƙin kwaɓin da ke taruwa a kan dutse yana taimakawa wajen ci, don haka kada a wanke shi, a dai riƙa yayyafa ruwa idan ya fara bushewa.

Mataki na huɗu shi ne wanda mafi yawan mutane ke tsallakewa, kuma a nan ne washinsu ke lalacewa. Idan dutse ya ci gefe ɗaya har ya isa ainihin bakin, ƙarfen yana yin siriri ƙwarai har ya tanƙware zuwa ɗaya gefen ya yi wani ɗan leɓe. Ido bai cika ganinsa ba, amma yatsa yana jinsa. A ɗora babban yatsa a fuskar da ba a wasa ba, a ja shi a hankali daga wajen gadon baya zuwa baki har ya wuce, za a ji ɗan kaushi yana kama fata. Kada a kuskura a bi tsawon bakin da yatsa. A duba gindi, a duba tsakiya, a duba tsini. Duk inda babu leɓen, ba a isa bakin ba tukuna, komai yawan gugar da aka yi, kuma juya wuƙar a wannan lokaci ɓata ƙarfe ne kawai. Wuƙar da ta ɗan dakushe takan ba da leɓe cikin minti biyu ko uku, wadda ta daɗe ba a taɓa ba kuwa tana iya cin kwata na awa. Ƙidayar guga, a ce goma nan goma can, ba ta da amfani a wannan matakin, domin leɓen ne shaida. Ƙarami ake so, wanda da ƙyar za a ji shi, saboda babban leɓe asarar ƙarfe ne kuma yana da wuyar cirewa.

Mataki na biyar, a juya a yi wa ɗaya gefen daidai abin da aka yi wa na farko, da karkata iri ɗaya da kusan lokaci ɗaya, har leɓen ya koma gefen farko daga gindi zuwa tsini. Idan faɗin gangaren gefe ɗaya ya fi na ɗayan, a ƙara wa ƙaramin guga don bakin ya zauna a tsakiya.

Mataki na shida, a wanke wuƙar don kada ta kwashi manyan ƙwayoyi, a koma fuskar dutse mai laushi, a maimaita gefe biyun da rabin ƙarfin da aka sa a baya. Manufar a nan ita ce a goge zanen da dutse mai kaushi ya bari, don haka ba ya ɗaukar lokaci.

Mataki na bakwai, cire leɓen. Wuƙar da aka bari da leɓe tana yanka da kyau sau biyu ko uku, sai leɓen ya kwanta ta koma kamar ba a wasa ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu ke cewa wuƙarsu ba ta riƙe kaifi. A riƙa jan ta sau ɗaya a wannan gefe, sau ɗaya a wancan, ana rage dannawa har ya zama nauyin wuƙar kaɗai ke kan dutse. Bayan haka a shimfiɗa fata, ko tsohon bel, ko kwali mai kauri, a ja wuƙar da baya, gadon baya a gaba, sau goma ko fiye a kowane gefe. Kada a murɗa hannu a ƙarshen jan, domin hakan yana mulmule bakin. Wuƙar kanti mai taushi leɓenta yana da naci, yana ta komawa gefe zuwa gefe. A irin wannan a ɗan ƙara ɗaga bayanta kaɗan, a yi jan biyu ko uku marasa nauyi, zai gutsure.

Mataki na takwas, gwaji. A riƙe takardar jarida a tsaye a yanka ta daga gindin wuƙar zuwa tsini; duk inda ta tsaya ko ta yaga takardar, wurin yana bukatar komawa dutse. Nunannen tumatir ma alƙali ne mai adalci, domin wuƙa mai kaifi tana shiga fatarsa ba tare da an danna ba. Daga nan a wanke ta da sabulu kafin ta taɓa abinci.

Ba kowane aiki ne ke son gogaggen baki ba. Nama da tumatir da igiya sun fi yankuwa da bakin da aka tsayar a 1000, saboda yana da 'yan ƙananan haƙora da ke kama abin da ake yankawa. Aska da kayan sassaƙa ne ke amfana da 6000 ko 8000.

Idan akwai giɓi, a ɗaga wuƙar sosai, kusan a tsaye, a ci bakin gaba ɗayansa a dutse mai kaushi har giɓin ya ɓace, sannan a sake gina gangaren daga mataki na uku. Cin wurin giɓin kaɗai yana bar wa wuƙa rami. Tsinin da ya karye kuma ta gadon baya ake gyara shi, a ci bayan har ya gangaro ya haɗu da baki.

Adda, gatari, fartanya da lauje

Adda tana son baki mai ɗan kauri, wajen digiri 20 zuwa 25 a kowane gefe, domin sara take yi. A danne ta a kan kututture ko benci, a sa magagari mai ƙota, a riƙa tura shi daga wajen gadon baya zuwa baki, yadda hannu zai kasance a bayan kaifin. Magagari a turawa yake ci, don haka a ɗaga shi wajen dawowa, in ba haka ba haƙoransa za su mutu. A bar kimanin faɗin tafin hannu kusa da ƙota ba tare da washi ba, saboda wurin ba ya sara, kuma shi ne ke yanke yatsa idan hannu ya zame. A ƙarasa da dutse don cire leɓe.

Gatarin gargajiya ana iya ƙwanƙwasa shi ya fita daga ƙota a wasa shi a dutse cikin sauƙi. Abin kiyayewa shi ne kada a fiƙe shi kamar wuƙa. A bar kumatunsa da ɗan tudu, domin tudun ne ke tsare bakin daga karyewa kuma yake hana shi maƙalewa a cikin itace. Na faskare ya fi na sara bukatar kauri. Fartanya ta gefe ɗaya ake bi da magagari, kuma idan bakinta ya cinye ya yi kauri, washi ba zai wadatar ba, sai a kai wa maƙeri ya sa ta a wuta ya koɗa ta, wato ya buga bakin ya baje ya koma siriri. Lauje kuwa, da yake bakinsa a cikin lanƙwasa yake, shimfiɗaɗɗen dutse ba ya shiga. A nemi mulmulallen dutse dogo, ko a naɗe samfefa a jikin sanda. Idan mai haƙora ne, a shafi bayansa mai santsi kaɗai. Haka ma wuƙar burodi mai haƙora.

Almakashi, kayan kafinta da aska

Almakashi ya fi kowane abu saurin lalacewa a hannun mai gaggawa. Kowane ɓarinsa yana da fuskar ciki, wadda ke gugar 'yar'uwarta, da kuma ɗan siririn gangare a waje mai kusurwa a tsaye sosai. Gangaren nan kaɗai ake wasawa, a bi karkatarsa yadda take, daga gindi zuwa tsini, har leɓe ya fito ta ciki. Idan aka yi wa fuskar ciki gangare, ɓarin biyu ba za su ƙara haɗuwa ba, yadi zai riƙa naɗewa a tsakaninsu. Bayan washi a rufe almakashin a hankali sau biyu ko uku, shi da kansa zai yanke leɓen. Kafin ma a fara, tela ya duba ƙusar tsakiya, domin sau da yawa sassautawa ta yi, kaifin yana nan. Yanka samfefa da almakashi, wanda wasu ke ba da shawara, ba ya gina baki.

Ƙarfen sassaƙa na kafinta da bakin abin fere katako suna da gefe ɗaya mai gangare, wajen digiri 25 zuwa 30, bayansu kuma dole ya kasance a shafe sarai, don haka a kwantar da bayan gaba ɗaya a kan dutse mai laushi ba tare da an ɗaga ko kaɗan ba. Askar kanti mai naɗewa ana kwantar da ita ne baki da gadon baya duka a kan dutse mafi laushi, domin kaurin bayan shi ne ke ba da kusurwar, sannan a ƙarasa a fata. Washi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B ko ƙanjamau zuwa ga wani, saboda haka sai an wanke ta an tafasa, ko kuma kowa ya zo da sabuwar rezarsa.

Wuƙar layya da kula da kaifi

A Babbar Sallah ne ake ganin layi a wurin masu washi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya; a wasa wuƙaƙe tun kwana biyu ko uku kafin ranar. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya yi umarni da kyautata yanka, mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa, kuma malamai sun karhanta wasa wuƙa a kan idon dabbar. A ware wuƙar yanka daban, doguwa marar giɓi, kada ta yi wani aiki. Ta fiɗa ta zama gajera mai lanƙwasasshen baki, a ajiye sandar ƙarfe ko fata kusa, domin gashi da ƙasar da ke jikin fata suna saurin kwantar da baki. Ƙashi kuwa na adda ne ko gatari.

Yawancin dakushewa daga abin da ake yanka a kai take zuwa. Faranti da tire da tayil da siminti duk suna kashe baki, katako ko roba mai kauri ne suka dace. A riƙa tattara yankakkiyar albasa da gadon bayan wuƙa, kada a jefa ta cikin kwando tare da cokula, kuma baƙin ƙarfe a goge shi ya bushe a shafa masa ɗan mai, musamman da damina, lokacin da kuben fata ke riƙe danshi. Wuƙar da ake miƙe bakinta a fata ko sandar ƙarfe kafin aiki takan yi watanni ba ta koma dutse mai kaushi ba.

Shi ma dutsen yana bukatar gyara, domin tsakiyarsa tana yin kwarmi, kuma dutse mai kwarmi yana sauya karkatar wuƙa ko da hannu bai motsa ba. A zana layuka a fuskarsa da fensir, tsaye da kwance, a kifa shi a kan jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 120 ko 220 da aka shimfiɗa a gilashi, a yi ta gogawa har zanen ya ɓace ko'ina. A ɗan kashe kaifin gefunansa don kada su gutsure, a wanke shi, a bar shi ya bushe a inuwa, saboda zafin rana yana iya tsaga wasu duwatsun.